Hattara da mai tallan mazaunin fitila mai juyawa

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman iyayenmu mata masu haɗa kayan ɗaki, da masu shagunan kayan ado a Garwa, Marwa, Ngaundere har zuwa Kusuri. Tun da aka shiga hidimar bukukuwan kafin azumi wani talla ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na mata: fitilar ado, mai siffar wata ko mai sunan ango da amarya, a bisa ɗan faifan roba da ke juyawa a hankali. Mai tallan ya ce shi ke buga faifan da kansa a gida da injin 3D, wato injin da ke ƙera kaya da narkakkiyar roba, launin da kike so, har a rubuta sunan 'yarki a gefe. Kada a tura masa ko dala. Ni gyaran kayan wuta nake yi, kuma a teburina kayansa ke ƙarewa, wato na waɗanda aka ma aiko wa wani abu. Sauran ko kwali ba su gani ba.

Ba zan kama suna ba, don ba suna ɗaya gare shi ba. Yau shafin na kayan amare ne, gobe na fasahar zamani, lambar wayar ma ba ta daɗewa. Salon ne dai ba ya canzawa. Zai ce oda ta yi yawa, injin ɗaya ne, sai wadda ta ba da kafin alƙalami za ta shiga layi. Rabin kuɗi ta waya, sauran idan kaya sun iso tasha. Lokacin turawa sunan da zai fito ba na mai shafin ba ne. In aka tambaya ya ce na ƙanensa ne, nasa layin yana da matsala. Daga nan sai uzuri. Na farko, an ɗauke wuta yana tsakiyar bugu, aikin ya lalace. Wannan tana shiga kunne, don duk ɗan Arewacin Kamaru ya san halin da wuta ke shiga idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya da rani, kuma gaskiya ne katsewar wuta tana ɓata bugu. Uzuri na biyu shi ke tona shi: wai kaya sun maƙale a hannun 'yan duwan, wato kwastan, a Duwala, a ƙaro wani abu a fito da su. Hajiya, abin da aka ce a Garwa ake bugawa, me ya kai shi tashar jirgin ruwa? Wata baiwar Allah ta yi masa wannan tambayar, sai kawai ya toshe lambarta.

Kasuwarsa tana ci ne saboda yawancinmu ba mu taɓa ganin injin da ido ba, duk abin da aka faɗa a kansa sai mu karɓa. To ba tsafi ba ne, kuma akwai yara masu gaskiya da ke cin abinci da shi. Zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, ana sayar da shi a naɗe, galibi kilo 1. Injin yana narka shi ta wani ɗan tsinin ƙarfe mai zafin digiri 200 ko kusa da haka, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi kamar mai ginin tukunya tana ɗora murɗin yumɓu, kowane layi wajen milimita 0.2. Shi ya sa in ka goga farce a jikin abin da aka buga za ka ji layukan. Zanen ma ba sai mutum ya ƙirƙira ba, ga su nan kyauta a shafuka irin Thingiverse da Printables. Cikin abin kuma ba cike yake ba, rami-rami ne, mai bugawa ke zaɓar yawan ciko. An saba sa kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kayan ado. Mai son ya ci riba biyu sai ya rage ciko, ya sirance bango, abu ya fito da kyau a hoto amma babu nauyi a hannu. Ɗora masa fitilar dutsen gishiri mai kilo 2 ko 3 ka ga yadda zai lotsa.

Maganar zafi ita ce ta fi shafarmu mu 'yan nan. Robar da aka fi bugu da ita sunanta PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, tana da sauƙin aiki da arha. Aibinta ɗaya: tana fara laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. A ƙasashen sanyi wannan ba abin damuwa ba ne. A Garwa kuwa, a watan Maris da Afrilu, inuwa ma tana haura 40. Kwalin da ya wuni a saman mota daga Ngaundere zuwa Marwa, ko aka bari a cikin mota a rufe da rana, zai iso da faifai a karkace. In ya tsira a hanya, ga ɗakin kwano, ga ɗumin ɗan injin da ke juya faifan, ga fitila a kansa. Fitilar LED da sauƙi. Amma irin mai kwalba da kaki ke hawa yana sauka a ciki, da zafin ƙwan wuta take aiki, ƙwan wat 25 ko fiye, gindinta ba ya taɓuwa in ta daɗe a kunne. Ba a ɗora wannan a kan PLA. Akwai PETG da ke jurewa zuwa wajen 80, da ABS da ke kai 100. Ku tambayi mai sayarwa da wacce ya buga. Mai injin gaske zai amsa kafin ku rufe baki, har ya yi muku surutun da ba ku nema ba. Wannan mutumin amsarsa ita ce "roba ce mai kyau 'yar Turai".

Amma karkacewa asarar kuɗi ce kawai. Abin da na tarar a ciki shi ya sa na zauna rubutu. Ɗan injin da ke juya faranti a na'urar ɗumama abinci ne, mai zagaye 5 zuwa 6 a minti. Injin ba shi da laifi, masu gaskiya ma suna amfani da shi. Sai dai kai tsaye yake shan wutar gida mai bolt 220, kuma a kayan mutumin nan an murɗa wayoyin da hannu ne aka naɗe da salatif, ba dalma, ba fiyus, an liƙe da gam a jikin robar da ke laushi da zafi. Na ga wanda aka rubuta 110 a jikin injinsa, na wutar Amurka, wanda ƙonewa ce makomarsa a soket ɗinmu. Boris kuwa, zoben ƙarfen da ke sa juyi ya yi santsi, ɗan ƙaramin nan mai lamba 608 da ba ya da tsada, babu shi. Roba ce ke gugar roba har ta cije, injin ya tsaya yana gurnani yana ɗaukar zafi.

Sai babbar tambaya, wadda ko makanike ya kan manta: fitila tana juyawa, wayarta kuma tana maƙale a bango, to ta ina wuta ke hawa? A aikin kirki ana sa wasu zobban tagulla da 'yan burushi masu gogarsu, wuta ta tsallaka daga gindin da ke tsaye zuwa faifan da ke juyawa ba tare da waya ta murɗe ba. In babu su, dole fitilar ta zama mai batir. Shi kuwa rami kawai ya huda a tsakiya ya zura waya. Zagaye 5 a minti, a awa ɗaya 300 ke nan. Wayar za ta murɗe, bawonta ya tsage, tagulla ta fito fili. A ina? A ɗakin amarya, tsakanin labule da katifa da akwatunan zannuwa, ga ƙananan yaran dangi masu kai hannu kan duk abin da ke motsi. Allah ya tsare.

Bidiyon tallan ma ba nasa ba ne. Ku duba bango a bayan fitilar: soket mai ramuka shafaffu ne irin na Amurka, mu kuwa namu ramuka biyu ne zagayayyu. Wanda ya iya ya ɗauki hoton allon ya sa a manhajar binciken hoto ta Google Lens, zai ga inda aka kwaso shi.

Samari kuma ta wata ƙofa yake shigo musu. Zama wakili a garinku, ko sayi kaso a injin, a riƙa ba ka riba duk mako, in ka kawo mutum biyu kasonka ya ƙaru. Ƙanena, yi lissafi. Ƙaramin injin gida, wanda farantinsa bai wuce santimita 22 a kowane gefe ba, sa'o'i yake ɗauka kafin ya gama mazauni ɗaya, in wuta ta bari. A cire kuɗin roba, da na inji, da na aike. Wace riba ce za ta rage har a raba wa mutum talatin? Abin da aka ba na farko kuɗin na baya ne. Mun ga irinta da babban harafi a Yawunde a 2018, lokacin da hukuma ta dakatar da MIDA, ƙungiyar da ta riƙa karɓar kuɗin mutane da alkawarin ninka musu, dubban mutane suka yi cirko-cirko suna jiran kuɗinsu. Wannan ƙaramar ce, amma ɗinkin ɗaya ne. Abin takaici, wakilin shi ne fuskar da aka sani a unguwa. Ran da shafi ya ɓace, ƙofar gidan mahaifinsa matan za su cika.

Wadda ta riga ta tura, kada a sake cin ta. In aka matsa masa sai ya ce zai mayar, sai ga saƙo mai kama da na kamfanin waya wai kuɗi sun shigo, sai ga kira: an yi kuskure an turo fiye da kima, ki danna kaza ki sa lambar sirrinki. Ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi, don fitar da su ake sawa. Duba asusunki da kanki. Kada ki goge hirar, ki adana hotunan allo da saƙon turawa mai ɗauke da lambar shaida da sunan wanda ya karɓa, ki kai wa ofishin kamfanin layin, sannan 'yan sanda ko jandarma. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai zamba, da tarar sefa dubu 100 zuwa miliyan 1. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 21 ga Disamba 2010, da hukumar ANTIC mai karɓar irin wannan ƙorafi. Ba na cewa kuɗin za su dawo. Sau da yawa da katin wani aka yi rajistar layin. Amma ƙorafin mutum goma a kan lamba ɗaya ba daidai yake da na mutum ɗaya ba, kuma kunyar kada a ce an damfari Hajiya ita ce jarinsa.

Ban ce a daina saye ba. Abin yana da kyau a ɗaki in an yi shi daidai. A nemi mai shago ko gidan da za a iya zuwa, a ga injin yana aiki. In nesa ne, a yi kiran bidiyo ya ɗaga faifan ya kife shi a ga cikinsa. A fifita mai aiki da cajar waya ta bolt 5 a kan mai shan 220. A ɗora fitilar da za a yi amfani da ita, a bar shi yana juyawa awa guda, a taɓa gindin a ji. Kuɗi kuma sai kaya na hannu. 'Yan uwanmu na Injamena da ke tsallako gadar Ngeli sayayya, ku ma an fara tura muku tallan, da farashi a sefa ɗaya da tamu, ku sanar da na gida.

Wanda kuma nasa ya riga ya iso yana kan durowa, ya zare shi daga soket yau, ya kai wa mai gyara ya buɗe ya duba wayoyin kafin a sake kunnawa.