Share Rajista ko Matse Ta: Wanne Ya Fi Dacewa da Tsohuwar Kwamfuta?

Rajistar Windows ita ce kundin da kwamfuta ke adana saitunan manhajoji da na'urori, kuma a Windows XP manyan fayilolinta suna cikin foldar System32\config. Idan aka daɗe ana saka manhajoji ana cirewa, kundin yakan kumbura, sai mai kwamfuta ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce sharewa da manhaja irin CCleaner, wadda ke neman ragowar bayanan da manhajojin da aka cire suka bari domin ta goge su. Matsalarta ita ce hasashe take yi, don haka tana iya goge abin da firinta ko wata tsohuwar manhaja ke dogaro da shi, kuma kamfanin Microsoft kansa ba ya goyon bayan irin waɗannan manhajoji. Bugu da ƙari, gogewar ba ta rage girman fayilolin, gurabe kawai take bari a ciki.

Matsewa kuwa ba ta goge komai. Manhajar NTREGOPT tana sake rubuta fayilolin ba tare da waɗannan gurabe ba, sannan a sake kunna kwamfutar. A Windows 98 umarnin scanreg /opt ne ke yin wannan aiki daga DOS, wato tsohon tsarin da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

A ganina matsewa ta fi aminci, ko da yake saurin da ake samu kaɗan ne, bai kai na ƙara RAM ba, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Wanda ya nace sai ya share, ya fara ajiye kwafin rajistar ta hanyar System Restore, wato tsarin Windows da ke mayar da kwamfuta yadda take a baya.