Goɗiyar da ta ƙi ɗaukar ciki a Normandi

'Yan uwana na Damagaram, ina gaida ku. Wata takwas ke nan ina aiki a wani gidan kiwon dawaki a Normandi, ƙasar Faransa, kuma wani abu ya tsaya mini a rai.

Wata goɗiya ce aka yi mata barbara sau biyu ba ta ɗauka ba. Na ce a yi mata allura kawai, yadda muka saba. Likitar dabbobin ta dube ni ta ce, "Allurar wace ƙwayar cuta?" Na rasa ta cewa, kunya ta rufe ni a gaban ma'aikata.

Ta naɗe wutsiyar, ta wanke wurin tas, ta sa safar hannu har kafaɗa. Na'urar hoton ciki ta nuna ruwa kwance a mahaifa. Sai ta zura dogon tsinke mai auduga, cikin kube don kada ya kwaso dattin hanya, ta shafo bangon mahaifar. A ɗakin gwaji aka duba abin da ta shafo da madubin likita, aka ga fararen ƙwayoyin jini birjik, alamar kumburi. Sauran aka shuka a faranti mai jini, zafi digiri 37, kwana biyu. Ƙwayar cuta mai suna Streptococcus zooepidemicus ta tsiro, wadda ita da E. coli suka fi addabar mahaifar goɗiya. Aka jera magunguna a faranti, wanda ƙwayar ta kasa tsirowa kusa da shi aka zaɓa. Aka wanke mahaifar da ruwan gishiri, aka yi allurar da ke matse ta. Yanzu tana da ciki.

Tsada kam akwai, ga cike takardu ba iyaka. Amma duk kwanakin nan kilin goɗiyar Baba nake tunawa. Shekara uku ba ciki, aka ce juya ce, wasu suka ce baki ne. Jiƙe-jiƙe, da allurar tebur wadda ta sha rana a kasuwar Dole, babu wanda ya taɓa tambayar me ke cikin mahaifar. Haba jama'a! Sirdi da linzamin hawan sallah ba ma jin ƙyashin kuɗinsu, amma kiran likitan dabbobi sai mu ce ɓarna ce.

Ranar wata Alhamis Baba ya sayar da ita da araha. Ni na riƙe igiyarta tun daga Birni har kasuwa.