Pokémon Brilliant Diamond: wasan da ya ajiye duk ƙarfinsa a ƙofar ƙarshe

Na sayi wannan wasa ne domin ƙanena, wanda muke zaune tare a Ƙofar Ƙaura, amma da ya isa gasar ƙarshe ya sha kaye sau uku a jere, sai ya miƙo mini na'urar Nintendo Switch ɗin ya ce, "Yaya, gwada ka gani, wannan matar ba ta kayuwa." Daga wannan dare ne na koma farko na bi wasan da kaina.

Brilliant Diamond ya fito a ranar 19 ga Nuwamba 2021, kuma sabunta tsohon wasan Diamond ne na 2006. Mai wasa yana yawo a yankin Sinnoh yana kama dodanni da ake kira Pokémon, yana horar da su, har ya tara lambobin nasara 8. Zanen yana da tsabta, amma tafiyar ta cika sauƙi, domin duk dodon da ke cikin tawaga yana samun makin ƙwarewa ko da bai shiga fage ba, kuma babu damar kashe wannan tsari. Saboda haka yaro yana iya isa ƙarshe da dodo ɗaya ƙaƙƙarfa da 'yan rakiya biyar, yana zaton ya gwanance, alhali ba a taɓa matsa shi ba.

Gasar ƙarshe ita ce ke tona wannan asiri. Da zarar an shiga babu fita sai an ci ko an faɗi, kuma babu asibitin dodanni a tsakani, don haka wajibi ne a cika jaka da magungunan Full Restore, mai warkar da dodo sarai, da Revive, mai farfaɗo da wanda ya faɗi, tun daga bakin ƙofa. Gwarzaye huɗun da ake fara karawa da su, wato Aaron mai ƙwari, da Bertha mai dodannin ƙasa, da Flint, da Lucian mai yaƙi da ƙarfin tunani, kowannensu yana da lagonsa. Flint ne ke ruɗa mutane, domin ana kiransa gwanin wuta amma biyu kacal daga cikin dodanninsa biyar ne na wuta, Rapidash da Infernape, kuma Drifblim ɗinsa, idan aka yi masa jinkiri, yakan yi ta ƙara iya zilliya har duka ya daina samunsa.

Sai kuma Cynthia, zakarar gasar, wadda a ganina ita ce ta biya kuɗin wasan. Tana buɗe fage da Spiritomb, wanda a 2006 ba shi da rauni ko ɗaya, amma tun da aka ƙirƙiro jinsin Fairy a 2013 ya samu mai maganinsa, kuma Gardevoir ko Clefable, 'yan wannan jinsi, sun ishe shi. Gastrodon ba ya jure harin ciyawa, domin ninki huɗu yake ji. Milotic kuwa da gangan yake ƙona kansa don fatarsa ta ƙara tauri, sannan yana warkar da kansa, kuma yana iya mayar wa mutum da harinsa ninki biyu, saboda haka taɓa shi kaɗan-kaɗan ɓata lokaci ne.

Garchomp ɗin Cynthia, wanda yake mataki na 66, shi ne ya hana ƙanena barci. Kowa ya san ƙanƙara ce lagonsa, amma an ba shi ɗan itacen Yache, wanda ke rage rabin zafin bugun ƙanƙara na farko, kuma idan ya samu sararin yin Swords Dance, dabarar da ke ninka ƙarfin bugunsa, sau ɗaya, sai ya share tawaga kamar an sa tsintsiya. Abin da ya fisshe ni shi ne Gyarados: shigowarsa fage kaɗai tana rage ƙarfin abokin karawa, girgizar ƙasar Garchomp ba ta taɓa shi saboda jinsin masu tashi ne, kuma yana da cizon ƙanƙara. Kuskuren da na ga ƙanena yana maimaitawa shi ne tsayawa shayar da magani a gaban Garchomp, wanda daidai yake da ba shi damar wasa wuƙarsa. A daren da muka ci, muna kan tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, an ɗauke wuta, batirin ya koma ja, Gyarados kuma saura ƙiris ya faɗi lokacin da cizo na biyu ya shiga. Ƙanena ya daka tsalle har ya tashi mutanen gida.

Abu ɗaya ya rage mini daɗin wannan nasara: idan dodo ya shaƙu da mai shi, wani lokaci yakan ƙi faɗuwa ko da bugun ya isa ya kayar da shi, kuma ni na fi son a bar dabara ta yi aikinta ba tare da wannan rangwame ba. Iyayen da za su saya wa yaro su sani cewa babu Hausa a cikin harsunan wasan, kuma karawa da Cynthia tana buƙatar karanta bayanin kowane hari a natse, don haka ƙaramin yaro zai buƙaci babba a gefensa idan ya iso wannan ƙofa.