Guzurin gida, abincin otal ko na titi: abin da za ka auna kafin ka biya kuɗin Umara

Idan ka shiga ofishin kamfanin da ke kai mutane Umara, takarda za a miƙo maka mai farashi biyu ko uku: masauki kawai, masauki da karin kumallo, ko masauki da abinci sau uku, sai a ƙasa a rubuta "har da ziyara". Yawancinmu na ƙarshen muke ɗauka, musamman idan da tsofaffi a tafiyar, don kada a je a sha wahala. Ni ma haka na yi a zuwan da na raka Hajiyarmu. Kwana na uku a Makka ta ture faranti gefe, ta dube ni ta ce, "Wai ni kam ɗan nan, garin nan ba su san barkono ba ne?" Daga ranar har muka bar garin, abincin rana da na dare da na riga na biya a Kano sau huɗu kacal muka ci.

Ba wai abincin ba shi da kyau ba ne. Otal-otal ɗin kusa da Harami suna ciyar da mutanen Indonesiya da Turkiyya da Pakistan da Masar a tebur guda, dole girkin ya zama wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba, shi ya sa kuma ba ya burge kowa. Sannan akwai matsalar lokaci, wadda babu mai faɗa maka a ofis. Wanda ya samu sahu mai kyau da La'asar ba ya son tashi sai bayan Isha'i, ita kuwa ƙofar ɗakin cin abinci da agogo take aiki. Sai ka zaɓa: ko ka bar wurinka ka koma cin abin da ka biya, ko ka zauna kuɗinka su tafi.

Karin kumallo dai daban ne, shi kam ina ba da shawarar a biya shi. Bayan Asuba kowa yana dawowa masauki, ciki a buɗe, kuma shayi da burodi da ƙwai da madara ba su da ƙabila. Abinci sau uku kuwa mutum biyu yake yi wa rana: mai ciwon suga da dole ya ci a kan lokaci, da wanda masaukinsa yake nesa da shaguna, inda sai an shiga mota kafin a isa Harami. A watan azumi lissafin yana juyawa gaba ɗaya, domin a masallaci ake buɗa baki da dabino da zamzam, a Madina har da burodi da kindirmo da wani garin ƙamshi da suke kira dukka. A lokacin sahur ne abin tambaya a takardar, ba abincin rana ba.

To idan ba a otal ba, a ina za a ci?

Na farko, wanda duk alhaji ya san sunansa tun kafin ya hau jirgi, shi ne Al Baik, gidan soyayyar kaza da ya fara a Jidda a 1974. Araha ne, da zafinsa ake ba ka, miyar tafarnuwarsa kuma ita ce sirrin. Amma layi ne mai tsawo bayan kowace salla, kuma soyayyen abu kullum ba ya yi wa mai ɗawafi da sa'ayi daɗin ciki. Sau biyu ko uku a tafiya ya isa a ce an ci.

Wanda ya fi riƙe ciki shi ne gidajen shinkafa: mandi, kabsa, bukhari. Rabin kaza da shinkafarta sukan ƙosar da mutum biyu, ba ƙari a maganar, don suna zuba shinkafa kamar za a yi sadaka da ita. Mandi ita ta fi kusa da bakin Bahaushe, saboda naman a rami ake gasa shi, yana da ƙamshin hayaƙi irin na balangu. Da safe ko da dare akwai tamis, wani faffaɗan burodi da ake ciro wa daga tanda a gabanka, a haɗa maka da ful, wato dafaffen wake da aka dama. Wannan shi ne abincin talakan garin, kuma da wuya ka samu abin da ya fi shi araha. Ka'idar farashi ɗaya ce a Makka da Madina: duk takun da ka yi nesa da masallaci, kuɗin abinci yana sauka. Zauren masu abinci da ke cikin benen agogo, dogon ginin nan da ke jikin Haramin Makka, yana da sanyi da tsafta da wurin zama, amma kuɗin hayar wurin a farantinka yake. Ka miƙe titin Ibrahim Khalil ka gangara wajen Misfala, za ka ga bambancin da idonka.

A can Misfala ɗin da kewayen Shara Mansur ne kuma ake samun abin da Hajiya take nema: tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, koko da ƙosai, a hannun Hausawan da wasu kakanninsu suka zo da ƙafa tun kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai. Har tsire suka shigar cikin abincin Hijaz, Larabawan Makka da Jidda suna kiransa "siriye", da garin ƙuli-ƙulinsa da komai. Ranar da na kawo mata tuwo a roba, sai da ta side yatsa sannan ta tambaye ni nawa na saya. Sai dai a yi hattara. Da yawa a gida ake dafawa a fito da shi a kula, babu firji, garin kuma zafi ne da shi. Ka saya da wuri yana tururi, ka ci nan take. Miyar da ta yini a leda ba abin kai wa ciki ba ce ga mai son ya riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha'i.

Yanzu ga guzuri, inda na fi ganin mutane suna wuce gona da iri. Jakarka kilo 23 ce a yawancin jirage, wasu su ba ka biyu, kuma kowane kilo da ka cika da abinci daga gida, a dawowa gurbin dabino ne. Wannan shi ne ma'aunin: ka ɗauki abin da zai ƙare a can, mara nauyi, wanda ba ya buƙatar wuta. Otal-otal ba sa yarda a yi girki a ɗaki, abin da za ka samu butar lantarki ce ta dafa ruwa. Don haka mai ɗaukar kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sai in gidan haya mai kicin zai sauka, in ba haka ba zai dawo da su yadda ya tafi da su.

Yaji shi ne sarki. Ƙaramar roba ɗaya ta yajin da aka daka a gida, da citta da masoro da kanumfari, tana mayar da shinkafar kowace ƙasa abin ci. Bayansa sai garin kunun gyaɗa ko na tsamiya, wanda ruwan zafi kawai yake nema, sai busasshiyar fura, domin nonon da suke kira laban yana kowane kanti kuma yana damuwa da fura lafiya lau. Ƙuli-ƙuli da garin kwaki ba sa lalacewa. Alkaki da dubulan suna jure kwana goma idan an soya su sun soyu, nakiya ma haka. Tuwon madara da gullisuwa kuwa a ci su a gida, a can kayan zaƙi sun yi yawa har sun ishi mutum.

Tsakanin kilishi da dambun nama, ni dambu nake zaɓa wa matafiyi. Kilishin Agadasawa ba shi da na biyu idan kana zaune a tsakar gida da yamma, amma a jaka yana karairayewa, mansa yana fita, kuma tsoho mai saura haƙori huɗu ba ya iya masa. Dambu kuwa ana barbaɗa shi a kan shinkafa, a cusa shi a burodi, a ci shi haka nan. Amma ka sani nama shi ne abin da kwastan na kowace ƙasa suka fi sa wa ido. Ingila da Amurka ba sa bari a shiga da shi daga Najeriya ko Nijar, ƙwacewa ake yi. Kafin ka sayi mai yawa, ka tambayi kamfaninka ƙa'idar da ake kai a lokacin tafiyarka, ka ɗauki wanda in an karɓe ba za ka yi kuka ba.

Abu biyu kuwa babu ciniki a kansu. Goro haramun ne shiga da shi Saudiyya, hukumar alhazai tana nanata wannan gargaɗi kowace shekara, kuma kowace shekara sai an samu mai gwadawa. Na biyu, kada ka karɓi ƙullin kowa a filin jirgi, ko da ya ce yaji ne zai aika wa ƙanwarsa. Ka kuma bar man shanu da manja a gida. Na taɓa ganin haramin wani bawan Allah da robar manja ta fashe a kai tun kafin a bar Jidda. Da sabon harami ya yi Umararsa.

Sai ziyara, wadda kalma ɗaya ce a takarda amma iri uku ce a ƙasa. Ta kamfani babbar mota ce da ake cikawa da safe. A Madina za ta kai ku Ƙuba, da Uhudu inda kabarin Sayyidina Hamza da sauran shahidai yake, da Ƙiblataini, sai a ƙare a gonar dabino ko wani kanti. A Makka za a bi da ku gindin Jabal Saur, Arfa, Muzdalifa, Mina, gindin Jabal Nur, galibi ana nuna muku ta taga. Amfaninta shi ne ba ka ƙara ko sisi, kuma idan an dace da malami mai bayani da Hausa, tsofaffi suna jin daɗi ƙwarai. Aibinta shi ne gaggawa: minti ashirin a Ƙuba, mai jagora yana tafa hannu, amma a kantin dabino babu mai duba agogo. Ka fahimci dalili da kanka.

Tasi ko motar da ake kira ta manhajar Uber ko Careem ta fi dacewa da iyali na mutum uku ko huɗu. Ta manhaja farashinta a rubuce yake. Ta bakin titi kuwa sai an yi ciniki, kuma a gama shi kafin a shiga: wurare nawa, jiran minti nawa a kowanne, kuɗin na mota ne ko na kowane kai. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 a kowace dala ɗaya, don haka da ka san farashin dala a ranar ka san abin da kake biya da naira ko sefa.

Na ukun kuwa ƙafa ce, kuma a Madina ita na fi so. Daga Masallacin Annabi zuwa Ƙuba kilomita uku ne da 'yan kai, a kan titin da aka gyara don masu tafiya a ƙasa, da wuraren zama da masu shayi a gefe. Ka yi alwala a masauki, ka fita bayan Asuba kafin rana ta ɗaga, ka yi nafilarka ba mai ƙirga maka minti. Maƙabartar Baƙi'a tana jikin Masallacin Annabi, maza suna shiga kyauta. Rauda kuwa da izini ake shiga, ta manhajar Nusuk, shi ma kyauta ne, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka, ka riƙe aljihunka. Hawan Kogon Hira ba ya cikin kowace takardar kamfani. Awa guda ne ko fiye a matakalar dutse, na masu gwiwa ne, kuma ba ya cikin ayyukan Umara. Mai kwana ɗaya na sarari da ɗan canji, Ɗa'ifa ta fi: gari ne a kan duwatsu, da sanyi, da gonakin wardi, da birai a bakin hanyar Hada, kuma a dawowa za ka iya bi ta miƙatin Ƙarnul Manazil ka ɗaura harami.

Tsakanin Makka da Madina akwai mota, akwai jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018. Layin kusan kilomita 450 ne, jirgin yana kai gudun kilomita 300 a awa, tafiyar ba ta cika wuce awa biyu da rabi ba, alhali mota takan ci biyar zuwa shida. Ga mai tsohuwa ko mai ciwon baya, ƙarin kuɗin ya halatta. Amma jirgi yana da iyakar kaya, babbar jaka ɗaya da ta hannu, tasharsa kuma ba a bakin Harami take ba, sai ka ƙara kuɗin tasi a kai da gindi. Kuma idan daga Madina za ka taso, mota tana tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa a yi wanka a yi salla, jirgi ba ya tsayawa. Da haraminka za ka shiga, ka yi niyya idan an zo daidai wurin.

Dabino a Madina ake sayensa, a kasuwar dabino, ba a inda motar ziyara ta sauke ka ba, kuma a ɗanɗana kafin a auna. Ajwa ƙanana ce, baƙa, a dunƙule, da siraran layuka a fatarta, ita ce mafi tsada. Safawi ma baƙi ne amma ya fi tsawo, ya fi araha, kuma ana miƙa wa wanda bai sani ba shi da sunan ajwa. Sukkari mai laushi ya fi kowanne zaƙi, sai dai firji yake so, ga wutarmu kuma yadda take. Na rabon maƙwabta da 'yan sannu da zuwa, mabrum ko safawi za ka cika gurbin garin kunun da ya ƙare da su, ajwa kilo ɗaya ko biyu ta iyaye ce da surukai. Zamzam kuwa kada ka cusa shi a jaka, ba a bari. A filin jirgi ake sayen jarka mai lita 5 a rufe cikin kwalinta, ɗaya ga kowane fasfo, ka rubuta sunanka a jikin kwalin da babban baƙi, don a Kano duk kwalayen kama ɗaya suke fitowa.