Modem na aljihu ko na gida: abin da amfani da su ya nuna

Bayan doguwar mu'amala da modem iri biyu na 4G, ƙaramin na aljihu da ake kira MiFi da babban na gida mai cin sim, ra'ayina shi ne: modem ba ya ƙirƙiro sabis, wanda ya tarar a wurin shi yake rabawa. Saboda haka kafin ka saya, sa sim ɗin a wayarka, ka zaga ɗakuna kana gwada gudun intanet, da safe sau ɗaya, sannan tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare, lokacin da kowa ya hau. In yana rarrafe a waya, kada ka sa rai da yawa.

Kada 150 Mbps, wato ma'aunin gudun intanet, da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Wannan ita ce iyakar gudun modem ɗan ajin da ake kira Cat 4, kuma da wuya ka kai ta a gida. Mai Cat 6 yana iya kaiwa 300 don yana haɗa zangon mita biyu, wato hanyoyin da sabis ke bi ta iska, a lokaci guda, amma sai in turken kamfanin yana ba da hakan. Ka kuma riƙa raba lambar gida takwas: 40 Mbps na nufin megabait 5 ne ke sauka a daƙiƙa.

Abin da masu saye suka fi tsallakewa shi ne zangon mita, wanda ake rubutawa B3, B7, B20 da sauransu. B3 shi ne 1800 MHz, B7 2600, B20 800, B28 kuma 700. Masu ƙarancin MHz sun fi tafiya nesa da ratsa bango, masu yawan MHz sun fi ɗaukar kaya amma ba su da nisan zango. Tambayi kamfanin layinka wanne yake amfani da shi, ka gwada da abin da ke kan kwali. In ba su dace ba, modem zai faɗa 3G ko ya ƙi kamawa sam. Tabbatar kuma ba a kulle shi a kan layi ɗaya ba: a sa sim ɗin wani kamfani a gabanka, ka ga shafi ya buɗe.

Na gida ya fi burge ni, musamman wajen neman sabis. Juya shi ka duba ƙasansa, akwai adireshi irin 192.168.8.1 ko 192.168.0.1. Buɗe shi a burauza, ka nemo RSRP, ma'aunin ƙarfin sabis, da SINR, ma'aunin tsabtarsa, ka rabu da sandunan sabis ɗin nan huɗu ko biyar, kwatance ne kawai. RSRP na -80 ya yi kyau, in ya kai -110 ya yi rauni ƙwarai. SINR kuwa gwargwadon hawansa gwargwadon tsabtar sabis. In yana wajen sifili, bidiyo zai riƙa tsayawa. Ɗauki modem daga taga zuwa taga, ka ɗan dakata a kowace ka ga lambobin sun zauna. Sau da yawa ɗaga shi daga bayan talabijin zuwa saman taga ya fi sauya modem amfani. Zaɓi mai ramukan eriyar waje guda biyu, ko da ba ka bukata yanzu.

Na aljihu fa? Yana da daɗin ɗauka, ya ishi waya da kwamfuta a hanya. Lagonsa batiri ne. Mai 1500 mAh ba ya kai yini in mutane da yawa sun hau, kuma in aka mai da shi na gida, yana jone da caja dare da rana, zafi kan kumbura batirin har murfin baya ya ɗago. Da ka ga haka, cire shi nan take, ka sauya. Na gida ba shi da wannan matsala, sai dai yawanci ba batiri. Yana cin 12V, kuma wuta na ɗaukewa ya mutu, sai in ka tanadi ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta.

Data kuma ta fi saurin ƙarewa ta modem, domin waya da kwamfuta suna ɗaukar kowane Wi-Fi a matsayin mara iyaka, sai su shiga sabunta manhajoji da loda hotuna ba tare da sun tambaye ka ba. A Windows da Android akwai wurin da za ka nuna cewa wannan haɗin na awo ne. Kunna shi tun ranar farko. A ranar kuma ka sauya kalmar sirri biyu, ta Wi-Fi da ta shiga shafin saiti, ka bar tsaron a WPA2 ko WPA3.