Lambar QR don ƙaramar sana'ar yaro: wacce za a kafa masa?

Yaro ya fara 'yar sana'arsa, ko saƙar abin hannu ko wankin keke, sai mai saye ya laluba aljihu ya ce babu tsabar kuɗi, ciniki ya watse. Maganin da kowa ke kawowa shi ne lambar QR da ake haskawa da waya a biya kuɗi, murabba'in nan mai ɗige-ɗigen baƙi da fari da kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994 don bin sawun sassan mota a masana'anta. Sai dai kafin a zaɓi lamba akwai maganar shekaru. Kamfanonin biyan kuɗi da dama, irin su PayPal, ba sa buɗe wa wanda bai kai 18 ba asusu. Uban da ya ƙara wa ɗansa shekaru don rajista ta wuce, ranar da aka nemi katin shaida asusun zai iya rufuwa da kuɗin a ciki. Don haka asusun ya zama na babba, ko na yara wanda iyaye ke riƙe da linzaminsa.

Zaɓina, ba ɓoye-ɓoye, shi ne lamba tsayayya da aka ciro kai tsaye daga manhajar banki ko ta kamfanin biyan kuɗi, a kan asusu na daban da uwa ko uba suka ware don sana'ar kaɗai. Sau ɗaya ake buga ta, ba ta canjawa, yaro ba ya bukatar waya ko data, kwali kawai zai ajiye. Mai saye ya haska ta da kyamararsa, ya ga sunan mai asusun, ya rubuta adadin kuɗin da kansa. Da yamma a zauna da yaron a buɗe jerin abin da ya shigo a gwada da littafinsa, ya ware uwar kuɗi da riba. Da an haɗa da asusun cefanen gida, wannan lissafin ba zai taɓa fitowa ba, kuma yaro zai fara zargin ana ci masa kuɗi, wani lokacin ma da gaskiyarsa.

Wajen bugawa a yi ta babba, baƙi a kan fari, a bar farin fili kewaye da ita, don kyamara da wannan filin take gane iyakar lambar. A sa ta cikin leda mai kauri marar ƙyalli, saboda hasken rana a kan mai sheƙi yana hana karantawa. A ƙasa a rubuta da manyan baƙaƙe sunan da ya kamata mai saye ya gani a wayarsa. Kada a sa cikakken sunan yaron, ko makarantarsa, ko lambar wayarsa. Sannan babba ya tura ɗan kuɗi kaɗan daga wata wayar ya tabbatar ya iso.

Lamba mai canjawa, wadda ake fitarwa sabuwa da farashi a kowane ciniki, ta masu kanti ce, ba zan damƙa wa ɗan shekara 10 waya mai buɗaɗɗen asusu ba. Asusun matasa da wasu kamfanoni ke bayarwa daga shekara 13 ba laifi, amma a karanta sharuɗɗa, wasu sun hana kasuwanci da shi. Shafukan intanet masu cewa "haɗa lambarka kyauta" kuwa, a guje su. Da yawansu lambar tana bi ta shafinsu ne kafin ta kai gare ka, kwanakin gwaji na ƙarewa ta mutu sai ka biya.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan damfara, domin yaro ba ya iya musu da babba. An taɓa nuna wa 'yata hoton rasit a waya, da koren maki da komai, mutumin yana ta "kin gani ai, ya tafi, netwok ne", ya kwashi kaya, ko sisi bai shigo ba. Hoton rasit ba shaida ba ne, minti ɗaya ake haɗa na bogi. Saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Shaida ɗaya ita ce kuɗi ya bayyana cikin manhajar mai asusun. A koya wa yaro jimla ɗaya ya haddace: "Don Allah a ɗan jira, sai Mama ta ce ya shigo."

Akwai masu liƙa sitikar lambarsu a kan ta mutane. A Janairun 2022 hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta yi gargaɗi a kan lambobin da aka sauya, kuma a daidai lokacin an gano irin waɗannan sitikun a na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a biranen jihar Tekzas. Yaro ya riƙa shafa kwalin da yatsa kowace safiya, in ya ji tudu ko gefen takarda ya kira babba, kuma kada kwalin ya kwana a waje.

Sai kuma ɗan damfara mai cewa ya tura fiye da kima, wai a mayar masa da ragowa a hannu. Sai mai turo tasa lambar wai a haska don a karɓi kuɗi. Karɓar kuɗi ba ya bukatar haska lambar wani, ba ya bukatar lambar sirri. Lambar sirrin ma kada yaron ya san ta, yadda ko an tsare shi da daɗin baki ba shi da abin da zai faɗa.