Ktlint: yana gyara kod, amma ba sa jituwa da Android Studio

Aikina rubuta manhajojin Android ne da Kotlin, kuma ktlint, wato manhajar da ke duba tsarin rubutun kod na Kotlin tana gyara shi, na cikin kayan da nake taɓawa kullum. Abin da aka yi shi dominsa yana yi. Gardamar nan ta tazara nawa za a bari, ko ina za a ajiye waƙafi, ta mutu a tsakaninmu tun da muka sa shi. Kyauta ne, kuma duk saitinsa a fayil ɗaya yake zaune, wato .editorconfig. Wannan kam na yaba.

Inda nake da magana shi ne zamansa da Android Studio, manhajar da muke rubuta kod ɗin a cikinta. Tun daga siga ta 1.0 da ta fito a 2023, salon da yake bi in ba ka zaɓi wani ba shi ne ktlint_official, kuma su kansu masu kula da shi sun faɗa a bayaninsu cewa wannan salo ba ya dacewa da mai tsara kod na cikin Android Studio a wasu wurare. Ga yadda abin yake a aikace. Ka rubuta fankshin mai dogon kai, ka danna Ctrl+Alt+L kamar yadda hannunka ya saba, Android Studio ya jera maka shi tsaf. Ka tura, sai binciken ktlint ya ƙi karɓa. Ka kira ktlintFormat, umarnin da ke sa ktlint ya yi gyara, ya sake jera layukan yadda yake so. Gobe abokin aikinka ya buɗe fayil ɗin, ya danna maɓallan nan uku, komai ya koma gidan jiya. Sarki biyu ke nan a gari ɗaya, kuma mai duba aikin ne ke shan wahala, don sai ya tono gyaran layi biyu daga cikin layi tamanin da suka motsa ba dalili.

Sai batun Jetpack Compose, kayan da ake zana fuskar manhajar Android da su. Ƙa'idar Compose ita ce fankshin da ke zana fuska ya fara da babban harafi, kamar ProfileCard, ktlint kuwa yana son ƙaramin harafi a farkon sunan fankshin. Akwai layi ɗaya da ake ƙarawa a .editorconfig don ktlint ya ɗauke kai daga duk abin da ke ɗauke da alamar @Composable, sai dai sabon shiga bai san da shi ba, sai ya ga jan rubutu ya cika masa allo ya ɗauka laifinsa ne. A ganina kayan da masu Android ke amfani da shi sosai bai kamata ya bar wannan a hannun mai saiti ba.

Kuma ba duk abin da ya kama yake gyarawa ba. Shigo da kaya da alamar tauraro, misali, nuna maka kawai zai yi, kai za ka warware.

Na gwada ktfmt, wani mai tsara kod na Kotlin, wanda aka gina a kan google-java-format. Shi ba ya tambayar ra'ayinka, yana sake jera fayil gaba ɗaya, har layin da ya wuce harafi 100 yana karyawa da kansa. Wani lokaci jerin Modifier, wato layukan da ke saita girma da kamannin abu a Compose, yakan fito ba yadda idona yake so ba, amma sakamakonsa bai cika sauyawa da yadda ka fara rubutun ba, kuma wannan ya fi mini muhimmanci.

In sabon aiki zan fara, ktfmt zan ɗauka. In tsoho ne da ke kan ktlint, zan bar shi da sharaɗi: a ƙayyade sigarsa a Gradle, manhajar da ke harhaɗa aikin, kada ta ɗaga da kanta, kowa ya sa fulogin ɗin ktlint a Android Studio, a yi babban gyaran tsari sau ɗaya shi kaɗai, sannan a saka lambar da git, ma'ajin tarihin kod, ya ba wannan gyaran a fayil ɗin .git-blame-ignore-revs don umarnin git blame ya ci gaba da nuna wanda ya rubuta kowane layi.